Kalila ya sani, ya kuma yi shiru

'Ya'yana, in kun ɗauki littafin Kalila da Dimna, kada ku yi saurin raba ladan da zunubin tsakanin dilolin nan biyu. Labarin daga Indiya ya taso, ya biyo ta Farisa, Ibnul Muƙaffa'i ya mai da shi Larabci wajen shekarar 750 Miladiyya, kuma galibin masu karanta shi Dimna kaɗai suke tsine wa.

Dimna dai bai ɓoye halinsa ba. Yana son fada, yana son kunnen sarki. Da ya ga zaki, wato sarkin, ya tsorata da kukan wani bijimi mai suna Shatraba, shi ya je ya gano abin, ya kawo bijimin gaban zaki. Wannan aikin basira ne, a ba shi haƙƙinsa. Sai da bijimin ya zama na hannun daman sarki hassada ta ci Dimna, ya je wa wannan da magana, ya je wa wancan da magana, har zaki ya kashe amininsa.

To, ina Kalila a duk wannan? Yana gida, yana wa'azi. Mai wadatar zuci ne, ba ya neman abin da ya fi ƙarfinsa. Tun farko ya ba ɗan'uwansa labarin birin da ya shiga aikin masassaƙi, gungume ya datse shi. Maganarsa gaskiya ce. Amma Dimna ya zayyana masa makircin tun Shatraba yana da rai, kuma Kalila bai taka ƙafa ya je ya gargaɗi bijimin ba, bai nemi wani babba a fada ba. Ya yi faɗa a ɗaka, ya ga kamar ya fita haƙƙi.

Nan nake so ku tsaya. Da yawanku ba Dimna ba ne, Allah Ya sani. Amma kusan kowannenku yana da abokin da ya fi shi baki da buri, wanda yake kawo muku shirinsa don ya san maganar ba za ta wuce ku ba. In abin nasa kansa kaɗai zai cutar, ku yi masa nasiha a asirce, ku rufa masa asiri. In kuwa akwai wani bawan Allah da za a zalunta, ku faɗa wa abokin ƙarara cewa za ku sanar, sannan ku sanar, ko da zumuncin zai yi tsami.

Asirin ma ta bakin Kalila ya tonu. Damisa ta ji shi da dare yana zargin Dimna bayan an riga an yi ɓarnar, ta kai wa uwar zaki. Aka ɗaure Dimna, Kalila ya ziyarce shi a kurkuku, ya koma gida baƙin ciki da tsoro suka kashe shi tun kafin a yanke wa ɗan'uwan nasa hukuncin kisa.