Ga Wanda Ya Ajiye Gudu Kuma Yake Son Komawa

A aikina na likitan fisiyo ina yawan haɗuwa da mutanen da ciwonsu ya warke amma gwiwarsu ta yi sanyi. Mutane ne da a da suke fita gudun motsa jiki bayan sallar Asuba: malaman makaranta, 'yan kasuwa, ma'aikatan ofis, matan aure. Wani targaɗe ne ya zaunar da shi, wata haihuwa ce, wani doguwar jinya, wani kuma hidimar iyali ce ta cinye masa lokaci. Idan na duba na ce babu abin da zai hana komawa, amsar kusan ɗaya ce: "Likita, ai ni yanzu jikina ya mutu."

Jikin bai mutu ba. Idan mutum ya daina gudu, cikin 'yan makonni ruwan jininsa yakan ragu, zuciya ta rage yawan jinin da take turawa a kowane bugu, tsoka kuma ta rage iya amfani da iskar da ake shaƙa. Wannan ne ke kawo hakin da ke tsorata mai komawa, kuma duk suna gyaruwa da atisaye. Inda gizo ke saƙar shi ne, zuciya da huhu sun fi jijiyoyi da ƙashi saurin farfaɗowa. Mutum ya yi mako uku ya ji numfashi ya dawo, sai ya ninka nisa, sai ciwon ƙwauri ko na gwiwa ko na agara ya sake kwantar da shi. Faɗuwa ta biyu ita ce ta fi karya zuciya.

Babban abin da na lura yana kashe wa masu komawa gwiwa shi ne gasa da jikinsu na da. Ranar farko mutum zai nufi nisan da yake yi shekara biyu baya, ya kasa, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya tsufa. Wasu kuma suna zaune suna jiran ranar da kuzari zai zo musu kafin su ɗaura takalmi. A gaskiya fitar ce ke haifar da kuzarin. Ƙarfin gwiwa yana ginuwa ne daga ƙananan alƙawura da mutum ya ɗauka wa kansa kuma ya cika.

Don haka nake cewa a fara daga inda jiki yake yau. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana da shiri na mako 9, fita uku a mako da hutun yini a tsakani. A makon farko gudun daƙiƙa 60 ake yi, a bi shi da tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. A mako na tara ne ake kai gudun minti 30 ba tsayawa. Haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne. Jeff Galloway, Ba'amurken da ya yaɗa wannan salo, ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1972 a Munich.

Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da magana ta yanke ba. Idan kalma biyu ta gagara, rage. A watan farko ka bar auna saurinka da agogo, ka riƙa rubuta ranakun da ka fita kawai. Alama goma sha biyu a kalanda a ƙarshen wata hujja ce da zuciya ba za ta musa ba. Idan kuma wani mako ya kuɓuce, ba a koma farko, ba a kuma rama bashi. Mataki ɗaya ake ja baya a ci gaba.

A nemi abokin fita, domin wanda ya san ana jiran sa a ƙofar gida da wuya ya koma barci. 'Yan'uwa mata, ku haɗu biyu ko uku da suturarku, ko a harabar makaranta ko cikin unguwa da sassafe. A kuma yi la'akari da yanayinmu. A zafin Maris da Afrilu a fita kafin rana ta ɗaga, a sha ruwa sosai. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma ya haƙura da fita. Da azumi a rage nisa, a mayar da fitar bayan shan ruwa.

Ko gwanaye suna sake shiri. Eliud Kipchoge na Kenya bai samu gurbi a tawagar ƙasarsa zuwa Olamfik ta Landan a 2012 ba. Ya koma gudun fanfalaki, ya ci na Hamburg a 2013, sannan ya ɗauki zinare a Rio a 2016 da kuma Tokyo. Mu kuwa burinmu bai kai nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Gudun minti 25 sau uku ya biya wannan bukata.

Akwai alamomin da ba a jure musu: ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, kumburin gaɓa, ko ciwon da ke sa ɗingishi. Duk wanda ya ji ɗayansu ya tsaya ya ga likita. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya nemi shawara tun kafin ya fara. Idan kuma rashin kuzarin ya wuce gudu ya taɓa barci da cin abinci da mu'amala da mutane, yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani a asibiti.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, lafiya amana ce a hannunmu. Ku ware minti 20 sau uku a wannan makon, ku fara a hankali, ku riƙe shi har wata biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.