Yadda Ake Zaɓen Katin Memori Don Na'urar Hangen Nesa Mai Kyamara

Na'urar hangen nesa mai kyamara aiki biyu take yi: ta jawo abin da ke nesa, sannan ta ɗauke shi a hoto ko bidiyo. Mutumin Roni da ke son ɗaukar hawan Sallah a Kazaure daga bayan cincirindon jama'a, ko manomin da ke gadin dawa saboda tsuntsayen jan-baki, duk za ta yi masu amfani. Amma da yawa daga cikinsu ba sa zuwa da ma'ajiya ta kirki a ciki, sai an saka masu kati. To, a wajen sayen katin ne kuɗi ke salwanta.

Abu na farko shi ne girma, kuma babba ba lallai shi ne daidai ba. Katunan da aka fi samu a kasuwa iri biyu ne. SDHC, wanda ya fito a 2006, yana tsayawa ne a 32GB, kuma tsarin ajiyarsa FAT32 ne. SDXC, wanda aka sanar a 2009, ya haura 32GB har zuwa 2TB, da tsarin exFAT. Yawancin na'urori masu araha FAT32 kaɗai suka iya karantawa. Shi ya sa mutum zai sayo 128GB da tsada, ya saka, na'urar ta ce ba ta ga kati ba. Katin lafiyarsa ƙalau, yarensu ne kawai ya bambanta. Takardar cikin kwali takan faɗi iyakar girman da na'urar ke karɓa, ita za a fara dubawa, tare da girman ramin: na microSD ne ko na babban SD.

Kuma 32GB ba kaɗan ba ne. Idan na'ura tana ɗaukar bidiyo a kan megabit 20 duk daƙiƙa, minti ɗaya zai ci kusan 150MB, wato katin zai ɗauki wajen awa uku da rabi. Da wuya batirinta ya kai haka ma.

Sai gudu. Lambar nan da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali, irin su 100MB/s, galibi gudun karantawa ce, wato saurin kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Ita kyamara gudun rubutawa ya dame ta, kuma ƙananan alamomi ne ke nuna shi. Lamba 10 a cikin harafin C, ko 1 a cikin harafin U, alƙawari ne cewa rubutu ba zai gaza 10MB a daƙiƙa ba, kuma wannan ya ishi bidiyon 1080p. U3 ko V30 na nufin 30MB, shi ake nema idan na'urar tana ɗaukar 4K na gaske. Kati mai sanyin jiki shi ke sa bidiyo ya riƙa tsalle ko ya yanke ana tsaka da ɗauka. Su kuwa A1 da A2 don manhajojin waya aka yi su, ba abin da za su ƙara a nan sai farashi.

Babbar matsalar ita ce jabu. Akwai katin da ainihinsa 8GB ne, amma an sauya bayanan cikinsa yana nuna 64GB. Ranar farko zai yi aiki sumul. Da zarar an wuce ainihin girmansa, sabbin fayiloli za su riƙa nuna suna amma su ƙi buɗewa, ko su danne na baya. A ce mutum ya taso tun daga Roni har dausayin Baturiya a gabashin Jigawa don ɗaukar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, ya dawo ya tarar rabin aikin babu. Ba manhajar da za ta dawo da abin da tun farko ba a rubuta ba.

Sunan SanDisk, Samsung ko Kingston a jikin kati ba hujja ba ce, don masu jabu sunan da ke tashe suke bugawa. Gwaji ne hujja. Manhajar H2testw kyauta ce a Windows: tana cika katin baki ɗaya da bayanai, sannan ta sake karantawa ta faɗi ainihin abin da ya zauna. Masu Linux suna da F3. Wanda ya je saye a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko a shago a Kazaure, gara ya yi sharaɗi da mai shago tun kafin ya biya: idan ya faɗi gwaji za a canza. Kada dai a tsorata idan katin 32GB ya nuna wajen 29 da wani abu a kwamfuta, wannan bambancin lissafi ne kawai.

Bayan ya ci gwaji, a yi masa fomatin a cikin na'urar kanta, ba a waya ba. Idan dogon bidiyo ya rabu gida-gida, wannan ba lalacewa ba ce, FAT32 ba ya riƙe fayil guda da ya wuce 4GB. Sannan a daina zare kati kafin a kashe na'urar, musamman idan fitilar ɗauka tana ƙyaftawa, don a lokacin take kammala rubuta fayil ɗin.