Kalkuleta Mai Zana Giraf: In Saya ko In Haƙura?

TAMBAYA

Ina da 'ya a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Baɗi za ta zana WAEC da NECO da JAMB in Allah ya yarda, kuma tana da burin gwada SAT ko Allah zai sa ta samu tallafin karatu a waje. Kwanaki ta zo mini da maganar wata kalkuleta mai zana giraf, wai ita ɗalibai suke amfani da ita a Amurka. Na leƙa wani shago, mai shagon ya ce in ɗauki TI-Nspire mai CAS, wai babu lissafin da ba ta warwarewa. Kuɗin da ya faɗa ya kusa kuɗin makarantarta na zango guda. Kawunta da ke Amurka ya ce in faɗi wadda nake so ya aiko. Wacce zan ce masa? Kuma anya ba za ta kashe wa yarinyar zuciya ba?

Wani uba, daga Kaduna

AMSA

Allah ya yi wa yarinya albarka. Ka ce wa kawunta ya dakata tukuna, domin wadda mai shago ya yaba maka ita ce kusan duk jarrabawar da ka lissafa za ta tsayar a bakin ƙofa.

Ƙa'idar WAEC da NECO ita ce kalkuletar da ba ta yin ƙara, ba ta da waya, kuma ba a iya shigar mata da shiri ko ajiye rubutu a cikinta. Mai zana giraf kuwa ƙaramar kwamfuta ce: tana ajiye rubutu, tana ɗaukar shiri, yaro na iya cika ta da ƙa'idojin lissafi tun daga gida. Don haka mai tsaron jarrabawa zai karɓe ta, in ma abin bai kai ga zargin satar amsa ba. Banda wannan, tambayar giraf a WAEC da hannu ake amsa ta. Za a ba yarinya takardar giraf, a ce ta cike tebur, ta ɗauki santimita biyu a matsayin ɗaya a layin x, ta ɗiga ɗigo, ta haɗa su da fensir. Makin yana kan teburin da ma'aunin da kyan lanƙwasar. JAMB kuma tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ba a shiga da kalkuleta, akwai 'yar ƙarama a kan allon da ɗalibi zai latsa. Abin da take buƙata a WAEC da NECO bai wuce kalkuletar kimiyya ta yau da kullum ba, irin Casio fx-82 ko fx-991, kuma ita ma a tambayi makaranta wacce za a bari a shiga da ita a shekararsu.

Saura SAT, wadda ita ce ta jawo maganar. Abin da 'yarka ta ji gaskiya ne, amma labarin ya ɗan kwana biyu. Tun watan Maris na 2023 masu zana SAT a wajen Amurka suka bar takarda suka koma manhajar Bluebook, kuma a cikinta an saka Desmos, wato kalkuleta mai zana giraf da ke buɗewa a gefen tambaya, kyauta, tun daga tambayar lissafi ta farko har ta ƙarshe. Tambayoyi 44 ne cikin minti 70. An yarda ɗalibi ya zo da tasa ta hannu, sai dai daga 2025 hukumar College Board mai shirya SAT ta hana masu CAS. ACT, kishiyar SAT, ta daɗe da hana su.

CAS ɗin nan da aka yi maka talla da shi, aikinsa yin aljabara da kansa. Kalkuleta ta gama-gari lambobi take sarrafawa, in ka ba ta x sai ka faɗa mata nawa ne. Mai CAS kuwa za ka rubuta mata x² − 5x + 6, ta mayar maka da (x − 2)(x − 3), abin da ake so a ga ɗalibi ya yi da kansa ke nan. TI-89 da HP Prime da Casio ClassPad da TI-Nspire CX II CAS duk 'yan wannan gida ne. A kula da ta ƙarshen: TI-Nspire iri biyu ce, mai CAS da marar shi, kamanninsu kusan ɗaya, bambancin haruffa uku ne a saman fuskar. Injiniya ko ɗalibin jami'a zai more ta. Ɗalibar sakandare kuwa ta sayi abin da za ta bari a gida ranar jarrabawa.

To wa ya wajaba ya saya? Ɗaliban da ke bin tsarin IB, domin takardunsu na lissafi an gina wasu ne a kan cewa kowa na riƙe da ita, kuma su ma marar CAS. A AP Calculus na Amurka ma akwai sashen da sai da mai zana giraf, ko da yake tun 2025 an saka musu Desmos a cikin Bluebook. A tsarin Cambridge, darasin IGCSE mai lamba 0607 yana buƙatarta, amma lissafin A Level mai lamba 9709, wanda ya fi yawa a makarantun kuɗi na nan gida, kalkuletar kimiyya kawai ya yarda da ita. In 'yarka ba ta cikin waɗannan, sayen bai zama dole ba.

Duk da haka na san halin kawu: in ya yi niyyar kyauta sai ya aiko da wani abu. In haka ne, ga yadda nake ganinsu. Casio ce ta fara fito da irin wannan na'ura a 1985 da fx-7000G, amma Texas Instruments ce ta mamaye azuzuwan Amurka, daga TI-81 a 1990 zuwa TI-84 Plus a 2004, sannan TI-84 Plus CE mai fuska mai launi a 2015. Farashinta ya haura dala 100 kuma shekara da shekaru ya ƙi sauka, ko da yake abin da ke cikinta bai kama ƙafar wayar hannu mafi arha ba. Dalilin shi ne littattafai da malaman can sun saba da ita, wasu littattafan har hoton maɓallanta suke bugawa. Wannan ne amfaninta na gaske: duk abin da ya shige wa ɗalibi duhu, zai samu wanda ya yi bayaninsa a YouTube da irin na'urar da ke hannunsa. In yarinyar Amurka za ta, wannan ta dace.

In kuwa don amfani a nan ne, ni Casio fx-9750GIII zan ce, wadda kuɗinta wajen rabin na waccan ne, ko fx-CG50 in ana son mai launi. Dalilina na biyu batir ne. TI-84 Plus CE caji ake mata kamar waya, su kuwa waɗannan Casio ƙananan batura huɗu suke ci, irin na rimot, da za ka samu a kowane kanti. Wanda ya san yadda wuta take a unguwanninmu ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai kuma NumWorks ta Faransa da ta fito a 2017, mai sauƙin koyo ƙwarai, sai dai da wuya ka samu malamin da ya santa a kusa. Kuma gara kawun ya saya a can. Kasuwarmu cike take da jabun Casio, musamman fx-991ES, har da waɗanda gilashin hasken ranar da ke goshinsu ado ne kawai.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Na'urar tana kashe zuciyar yaron da bai san abin da yake nema ba, kuma tana yi masa ƙarya ido a buɗe. Ɗauki y = x² − 40x + 300. TI-84 in an kunna ta tana nuna daga −10 zuwa 10 ne a kowane ɓangare. Yaro ya rubuta wannan ya latsa GRAPH, ba zai ga komai ba sai wani ɗan guntun layi a can gefen dama. Wanda bai san aljabara ba zai ce na'urar ta lalace, ko ya zana wannan guntun ya miƙa. Wanda ya sani ya riga ya gane cewa lanƙwasar tana yanke layin x a 10 da 30, gindinta yana can ƙasa a −100 daidai inda x yake 20, sai ya shiga WINDOW ya faɗaɗa tagar. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai su fara yin zanen kwatance a takarda kafin su taɓa maɓalli, ko da na daƙiƙa ashirin ne.

Kuskuren da ya fi cin maki kuwa ya fi wannan ƙanƙanta. Kusurwa ana auna ta da digiri ko da radiyan, kuma na'urar ba ta san wanda tambaya take nufi ba. Ka sa ta rubuta sin 30. In ta ga 0.5, tana kan digiri. In ta ga −0.988, tana kan radiyan, kuma duk amsar da za ta fitar a lissafin kusurwa ta ɓaci. Wannan gwajin ya zama abin da za ta fara yi a duk lokacin da ta zauna. Sai batun baka-biyu: −3² a wurin kalkuleta −9 ne, domin tana fara ninka ukun kafin ta ɗora alamar. In ana son 9, sai an rubuta (−3)². Ɗalibai da yawa suna faɗuwa a nan wajen lissafa b² − 4ac. A TI kuma maɓallin ɗebewa daban, na lamba mai ƙasa da sifili daban, in aka musanya su sai ta yi ƙorafin kuskure, ko ta ɗebe daga amsar baya ba tare da yaro ya lura ba. Kada kuma ta riƙa gutsure lamba a tsakiyar aiki tana sake rubutawa. Ta bar na'urar ta riƙe cikakkiyar amsa, ta taƙaita a ƙarshe.

Inda na'urar ke biyan kuɗinta shi ne wajen gani. Yarinya ta zana y = x², sannan y = (x − 3)², sannan y = x² + 3, ta ga da idonta wanne ya matsa gefe, wanne ya hau sama. Abin da malami zai yi sati yana zanawa a allo, za ta gwada guda goma a zama ɗaya. Ko ta warware tambaya da hannu, sannan ta zana ɓangarorin biyu ta duba inda suka haɗu don ta tabbatar. A TI ana samun wannan a ƙarƙashin CALC, a Casio kuma G-Solv.

Duk wannan kuwa wayar da ke gidanka za ta yi shi yau da dare. Desmos da GeoGebra kyauta ne, kuma bayan an sauke su suna zana giraf ko babu data. Tunda Desmos za ta tarar a SAT, lokacin da za ta ɓata tana koyon maɓallan TI gara ta ba Desmos ɗin. Ta sauke Bluebook a kwamfuta, ta yi jarrabawoyin gwaji da ke ciki da agogo a gabanta, ta koyi waɗanne tambayoyi ne giraf ke gamawa nan take, waɗanne kuma fensir ya fi sauri. Ranar da take shirin WAEC kuwa, a ajiye waya, a ɗauko takardar giraf da rula.

Ka ce wa kawu ya riƙe kuɗin. Rajistar SAT da dala ake biya, kuma ga mai zanawa daga Najeriya akwai ƙarin kuɗin ƙasashen waje a kai. Nan gudummawarsa za ta fi amfani. In ta samu gurbi, jami'ar za ta faɗa mata irin kalkuletar da darasinta yake so, har akwai malaman kalkulas da ba sa barin a shiga jarrabawarsu da kowace iri. Sai ya saya mata a lokacin.