Kafin Ka Tsallake Magama da Motarka

Direba ɗan'uwa, kada santsin hanyar Katsina ya ruɗe ka. Daga Magamar Jibiya zuwa Maraɗi ta Ɗan Isa tafiya ce 'yar kaɗan, amma idan Agadas ka nufa, daga Damagaram akwai fiye da kilomita 400 a gabanka, kuma da ka wuce Tanut garuruwa sai su yi nisa da juna. Wanda lagireto ya tafasa masa a can, ranar Sahara ce za ta fara gaishe shi kafin bakanike.

Saboda haka ruwa ne kan gaba. Ɗauki jarka biyu, ɗaya taka, ɗaya ta mota. Haɗa da safaya taya mai lafiya, jak da fanbel. Cika tanki a Damagaram ko da rabi ya rage.

Takardun mota, inshora da katin rigakafin cutar shawara su kasance kusa da hannu, domin jandarma za su tambaya. Canji sefa tun a iyaka.

Don Allah kada ka bi hanyar Katsina zuwa Jibiya da dare, 'yan bindiga sun sha tare ta. Tambayi direbobin tasha halin hanya, ka tashi da safe cikin ayari.