JIRAGEN MARAYU NA ƘASAR AMURKA, 1854 zuwa 1929

Wannan takarda an rubuta ta domin Hakimai da malamansu, waɗanda sha'anin marayu da 'ya'yan riƙo yakan zo gabansu. Ta ƙunshi tarihin wata dabara da aka gwada a Amurka shekara 75, da abin da ya ɓata ta.

Asalin al'amarin

1. A wajen 1850 birnin Niyok ya cika da baƙi matalauta daga Ailan da Jamus. Cututtuka suka kashe iyaye da yawa, yara dubbai suka rasa mai kula da su, suna kwana a titi, suna tallar jarida ko bara.

2. Wani malamin addinin Kirista, Charles Loring Brace, ya kafa Children's Aid Society, watau Ƙungiyar Taimakon Yara, a 1853. A ganinsa tara yara a gidan marayu ba ya gyara su. Manoman yammacin ƙasar kuwa suna neman masu taya su aiki. Sai ya ce a kai yaran ƙauye, manomi ya ci da yaro, ya tufatar da shi, ya sa shi makaranta, shi kuma yaron ya yi masa aikin gona.

Yadda ake yi

3. Ayarin farko, yara arba'in da wani abu, ya isa garin Dowagiac na Jihar Michigan a 1854. Daga nan aka riƙa aika su cikin jirgin ƙasa tare da wakilin ƙungiya. Kafin su iso akan yi shela cikin jarida, a naɗa kwamitin dattawan gari don ya tace masu nema.

4. In jirgi ya iso sai a jera yaran a coci ko zauren taro, jama'a su zo su zaɓa. Waɗansu manoma har sukan taɓa damtsen yaro, su duba haƙoransa, tamkar mai cinikin dabba. Sau da yawa akan raba wa da ƙane, wannan ya tafi gabas, wancan yamma. Wanda ba a ɗauka ba a wuce da shi tasha ta gaba.

5. Wani gidan jarirai na Katolika da aka buɗe a Niyok a 1869 shi ma ya yi ta aika yara, amma shi tun kafin tafiya ake samar wa kowane yaro gida ta hannun limaman cocinsu. An ƙiyasta yaran da aka kai ta waɗannan hanyoyi sun kai 200,000 zuwa 250,000.

Amfani da illa

6. Lalle waɗansu sun dace. Yara biyu da aka kai Indiana a 1859 sun zama Gwamnoni: Andrew Burke a Dakota ta Arewa, John Brady a Alaska. Amma fa waɗansu barantaka kurum suka tarar, ga duka, ga yunwa, babu makaranta, har suka gudu.

7. Dalilin haka guda uku ne. Na ɗaya, dattawan kwamiti suna jin nauyin hana maƙwabcinsu yaro, ko da sun san halinsa. Na biyu, an yi alkawarin kewayawa a duba yaran, amma wakilai kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi. Na uku, ba a tsare rajista da kyau ba. Da yawa daga yaran ma ba marayu ba ne, talauci ne ya raba su da iyayensu. An sāke wa waɗansu suna, suka tsufa ba su san danginsu ba.

Ƙarshensa

8. Sannu a hankali jihohi suka kafa dokoki don tsananta sharuɗɗan shigo da yara. A 1909 Shugaba Theodore Roosevelt ya kira taro a fadarsa, aka tsai da shawara cewa talauci kaɗai bai isa a raba yaro da gidansu ba. Daga 1911 jihohi suka fara ba matan da mazansu suka mutu kuɗin reno. Aka daina aika jiragen a 1929.

Abin lura

9. Riƙo al'ada ce mai kyau a ƙasarmu, gama yaro yakan zauna hannun dangi, idon jama'a yana kansa. Haɗari yana zuwa ne sa'ad da aka kai shi nesa, wurin wanda ƙarfinsa kaɗai yake bukata. Saboda haka in irin wannan magana ta zo gaban Hakimi, ya kamata malami ya rubuta sunan yaron, da na iyayensa, da garinsu, da sunan mai riƙo. A bincika halin mai riƙon ba tare da jin nauyi ba. A guji raba 'yan'uwa. Dagaci ko mai unguwa ya riƙa ganin yaron da idonsa, ya tambaye shi shi kaɗai, sa'an nan ya kawo labari. Dukiyar da uba ya bar wa maraya kuwa a rubuta ta gaban alƙali, a tsare masa har ya girma.