Yadda Ake Ƙara wa Aksul ɗin Baya na A-kori-kura Ƙarfi Don Hanyar Daji

A-kori-kurar da ke aiki a kan kwalta daban take da wadda ke shiga daji kullum. Hilux ɗin da ke kwaso buhunan masara daga ƙauye da damina, ko wadda ke ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku, duk wahalar da take sha a kan aksul ɗin baya take ƙarewa. Shi ke ɗauke da mafi yawan nauyin kaya, shi ke tura motar, kuma shi ke fara dukan dutse idan hanya ta yi kwari. Da yawa daga masu mota kan sa manyan tayoyi, su ƙara ganyen sufurin, su bar aksul yadda ya fito daga kamfani, daga baya su riƙa mamakin yadda motar ta rasa kuzari ko ta fara kuka daga baya. Wannan bayani ya fi shafar Hilux ta da har zuwa Vigo, mai difarenshal na inci 8, amma hanyar aikin ɗaya ce ga yawancin motoci masu sufurin na ganye.

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin motarka

Kafin ka taka Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da kuɗi a aljihu, ka san lissafin haƙoran difarenshal ɗinka, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Ka sa katako ka tare tayoyin gaba, ka ɗaga taya ɗaya ta baya, ka bar giya a furi. Yi alama da alli a jikin taya da jikin farfela. Juya tayar sau biyu cif kana ƙirga zagayen farfela. Idan ta yi huɗu da ɗan ɗoriya, kana da 4.10, huɗu da kusan sulusi, 4.30, huɗu da rabi da ɗan kaɗan, 4.56. Idan tayar ta ƙi juyawa da sauƙi, difarenshal ɗin mai riƙewa ne, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau ɗaya kawai. Kada ka tsaya ga abin da aka buga a farantin jikin mota, domin motar da ta shekara goma a hannu daban-daban wataƙila an taɓa canza mata.

Tun motar na sama, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. Motsi na nufin boris ya ci. Leƙa bayan dorom ko akwai jiƙewar mai, ka kuma tsaya nesa a bayan motar ka dubi tayoyin biyu. Idan kawunansu sun karkata ciki, gangar aksul ta lanƙwashe saboda lodi, kuma duk sabon kayan da ka zuba a cikin lanƙwasasshiyar ganga ba zai yi ƙarko ba.

Yanke shawarar abin da za ka canza

Matsalar da kake fuskanta ita za ta zaɓar maka aikin. Idan mota ta yi sanyi bayan ka sa manyan tayoyi, haƙora za ka canza. Idan kafewa take yi, taya ɗaya na juyawa a banza ɗayar na tsaye, makullin difarenshal kake buƙata. Idan kuwa shaf ke karyewa ko boris ke mutuwa duk bayan 'yan watanni, nauyi ne ya fi ƙarfinta.

Lissafin haƙora ba shi da wuya. Ka ninka tsohon lissafi da tsayin sabuwar taya, ka raba da tsayin tsohuwar. Taya 265/65R17 tsayinta kusan inci 30.6 ne, 285/70R17 kuwa kusan 32.7. Mai 4.10 da ya koma babbar tayar zai samu kusan 4.38, wato yana tsakanin 4.30 da 4.56. Ni dai ga motar da ke ɗaukar kaya ko hawa tudun rairayi, 4.56 nake ba da shawara, ko da injin zai ɗan ƙara ƙara a kan kwalta. Ana samun 4.88 da 5.29, amma a tuna cewa finiyon, wato ƙaramin giyar da farfela ke juyawa, na 4.10 haƙora 10 gare shi, na 4.88 yana da 8, na 5.29 kuwa 7 kacal. Duk sanda finiyon ya ƙanƙance, nauyin da kowane haƙori ke ɗauka yana ƙaruwa.

Akwai sharaɗin da ba a sassautawa: mota mai fo-wil dole lissafin gaba da na baya su zama iri ɗaya. Wanda ya sa 4.56 a baya ya bar 4.10 a gaba, ranar da ya shigar da fo-wil tayoyin gaba da na baya za su yi ta ja-in-ja har akwatin rabon ƙarfi ko farfela ta ba da kai. Saboda haka kuɗin finiyon da kiraun, wato babban faifan haƙoran da finiyon ke juyawa, saiti biyu za ka tanada, da kuɗin aiki biyu. Idan ba su samu ba, gara ka koma ƙaramar taya har su samu.

Batun makulli, akwai mai aiki da iska irin ARB na Ostareliya, wanda ke buƙatar kwamfuresa da bututu, akwai mai aiki da lantarki irin na Eaton, akwai kuma mai kulle kansa irin Detroit Locker. Biyun farko direba ke kunnawa da maɓalli idan ya ga wuri ya ɓaci, ya kashe idan ya fita, kuma su suka fi dacewa da motar da ke hawa kwalta ta kuma shiga daji. Wasu kan yi wa ƙananan haƙoran ciki walda su haɗe tayoyin biyu har abada don gudun kashe kuɗi. Ina roƙonka kada ka yarda a yi wa motarka haka. A kowace kwana tayar waje na buƙatar ta fi ta ciki gudu. Idan aka hana ta, shaf ke murɗewa, tayoyi su cinye, mota mai lodi kuma ta ƙi bin sitiyari a kwana mai santsi.

Canza aksul gaba ɗaya shi ne mataki mafi tsada. Shaf ɗin Hilux shi ke juya taya kuma shi ke ɗauke da nauyi, don haka idan ya karye taya na iya ficewa da shi. A aksul ɗin Land Cruiser 79, mai difarenshal na inci 9.5, gangar ke ɗaukar nauyi a kan boris biyu, shaf aikinsa juyawa kawai. Sai dai ɗora shi a ƙarƙashin Hilux aiki ne babba: faɗi ya bambanta, mazaunin sufurin sai an yanke an sake walda, Hilux ramin noti shida gare ta alhali 79 biyar ne, ga birki da wayar ABS. Kuma ƙarfin aksul ba ya ƙara wa shasi ko birki ƙarfi. Mai lodin da ya kai haka, Land Cruiser ce motarsa tun asali.

Kwancewa

Ka ajiye motar a daɓe mai ƙwari, ka ɗora shasi a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin da mutum zai shiga ƙarƙashinsa ba ne, haka ma bulo. Kwance notin cika mai kafin na zubarwa, don kada ka zubar da mai ka tarar na sama ya ƙi buɗewa. Dubi man da ya fito. Laushin garin ƙarfe a jikin maganaɗisun noti ba komai ba ne, ɓarɓashi masu kaifi kuwa alamar haƙori ya fara karyewa ne. Mai da ya koma fari-fari ruwa ne ya shiga.

Yi alama a mahaɗar farfela da finiyon kafin ka raba su, don ta koma yadda take. Cire tayoyi da dorom, ka saki wayar birkin hannu da bututun man birki ka toshe bakinsa, sannan ka kwance notoci huɗun da ke bayan farantin birki. Shaf zai zaro tare da farantin. Ka tallafe shi kada ya yaga sil. Da shaf biyun sun fita, sai notocin da ke riƙe da kan difarenshal. Yana da nauyi sosai, ku kama shi ku biyu. Alherin wannan ƙira ta Toyota shi ne kan yana fitowa ɗungurungum, a kai shi kan tebur a yi aiki cikin haske.

Saita haƙora, inda aikin yake

A nan ake gane gwanin bakanike, kuma a nan yawancin aikin ke lalacewa. Kiraun da finiyon tare ake sayensu, tare aka goge su a masana'anta. Ba a haɗa kiraun na wannan da finiyon na wancan ko da lissafinsu ɗaya. Sayi sababbin boris huɗu, da sil, da notin finiyon, da siraran wosha masu kauri daban-daban. Kafin a kwance murafun boris na gefe, a yi musu alamar hagu da dama, domin ba sa musanya wuri.

A ɗumama kiraun a tafasasshen ruwa don ya buɗe ya zauna ba tare da duka ba, a tsane shi, a ɗaure notocinsa a gicciye da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Idan za a sa makulli, yanzu ne lokacinsa, domin a jikinsa kiraun zai zauna, kuma yanzu ake huda ramin bututun iska ko waya.

Abu uku ake aunawa. Na farko matsin boris ɗin finiyon: ya juya da ɗan nauyi a hannu, ba sako-sako ba, ba kuma a ƙage ba. Tsakanin boris biyun akwai zobe mai lotsewa wanda sau ɗaya ake amfani da shi. Idan aka wuce gona da iri wajen ɗauri, sassauta noti ba ya gyara komai, sai an sa sabo. Ga motar daji, zobe daskararre da ake saitawa da wosha ya fi, domin idan bakin finiyon ya daki dutse ba ya sakin matsi.

Na biyu shi ne ratar da ke tsakanin haƙoran kiraun da na finiyon. A wannan difarenshal ana son milimita 0.13 zuwa 0.18, kuma ido ko yatsa ba sa iya gane wannan. Agogon awo ake kafawa a jikin haƙori, a gwada a wurare uku ko huɗu. Da manyan notocin gefe ake matso da kiraun ko a janye shi. Idan bakaniken da ka kai wa ba shi da wannan agogo, ka ɗauki kayanka cikin mutunci ka nemi wani, ko ka saya masa.

Na uku shi ne sawun haƙora. A shafa fenti mai kauri a haƙora uku ko huɗu na kiraun, a riƙe shi da ɗan ƙarfi a juya finiyon gaba da baya. Sawun ya kamata ya fito a tsakiyar haƙori. Idan ya hau can bakin sama, finiyon ya yi nisa, a ƙara kaurin wosha. Idan ya nutse gindin haƙori, ya shige da yawa, a rage. Kowane canji na nufin a zare boris da injin matsi, a mayar, a sake auna ratar. Yakan ɗauki yini guda, wani lokaci fiye. Mai mota ya yi haƙuri kada ya tsaya a kan bakanike yana cewa gobe yana da lodi, domin haƙoran da aka saita a gaggauce kuka za su fara tun makon farko, kuma da zarar sun ci a karkace ba su gyaruwa.

Mayarwa da ƙananan abubuwan da ake mantawa

Wanke cikin ganga tas, ka sa sabon fakin, ka mayar da kan. Tunda shaf na waje, canza boris ɗin taya da sil da zoben da ke riƙe boris. Da injin matsi ake sa su, guduma na kashe boris tun bai fara aiki ba. Idan ka taɓa sufurin, sa sababbin ƙarafan da ke ɗaure shi da aksul, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. Motar da aka ɗaga tsayinta, a duba kusurwar farfela, a kuma gyara sandar bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi idan tana da shi, in ba haka ba birkin baya zai yi rauni alhali mota na cike da kaya.

A saman ganga akwai ɗan mashaƙar iska. Aksul mai zafi idan ya faɗa ruwan rafi, iskar ciki na tsukewa ta zuƙo ruwa. Cire shi ka sa bututun roba, ka ja shi sama har ƙarƙashin bodi, ka bar masa sako-sako yadda sufurin zai yi motsi, ka sa ƙaramar matata a bakinsa saboda ƙura. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ga mai tsallaka ruwa da damina yana ceton aikin gaba ɗaya.

Zuba man giya mai lamba GL-5, irin 80W-90 ko 85W-90, har ya fara dawowa ta ramin cikawa. Difarenshal mai riƙewa yana da nasa man na musamman. Fitar da iska daga birki, ka taka feda ka ji ta yi tauri kafin mota ta motsa.

Horar da sababbin haƙora

Tafiyar farko ta zama ba kaya, kilomita 20 zuwa 30 a hankali, sannan a tsaya aksul ya huce sarai. A maimaita haka sau biyu ko uku. Har zuwa kilomita 800 kada a yi lodi mai nauyi, kada a ja wata mota, kada a daɗe ana gudu ɗaya. Daga nan a zubar da man a sa sabo, a sake bin notocin sufurin da na taya. Gwada agogon gudu da GPS na waya, domin canjin taya da haƙora na sa shi ƙarya. Makullin kuwa a gwada shi a kan ƙasa mai laushi: a kunna shi mota na tsaye ko tana tafiya kamar ta mai ƙafa, kada a kunna taya na cikin juyawa a banza, a kuma kashe shi kafin a hau kwalta.