Maganin Antibayotik da Ƙwayoyin da ke Cikin Hanji

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Iri-irinsu ɗaruruwa ne, kuma mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Jariri yana fara samunsu tun ranar haihuwa, nonon uwa kuma ya ci gaba da raya su.

Ba dukkansu ne ke kawo cuta ba. Da yawa masu amfani ne. Su ne ke narkar da dusar hatsi da ganyen da ciki ya kasa narkarwa. Suna samar da bitamin K, wanda ke taimaka wa jini ya daskare idan an ji ciwo. Suna kuma cika hanji, har mugayen ƙwayoyi su rasa wurin zama da abin ci.

Aikin antibayotik

Antibayotik magani ne da ke kashe bakteriya ko ya hana su hayayyafa. Wani masani mai suna Alexander Fleming ne ya gano penisilin a Landan a shekarar 1928. Bayansa aka samu wasu, irin su amoksisilin da tetarasaikilin da Flagyl. Sun ceci rayuka masu yawa daga ciwon haƙarƙari da taifot da ruɓewar rauni.

Sai dai maganin bai san na gida ba, bai san baƙo ba. Kamar maganin feshi ne a gona, wanda zai ƙone ciyawa ya haɗa da shuka. Idan masu amfani suka ragu, sai masu taurin kai su samu fili su yaɗu. Daga nan ne ake samun gudawa da kumburin ciki. Wasu matan kan yi fama da ƙaiƙayin gaba, jarirai kuma bakinsu ya yi fari. Akwai wata ƙwaya mai suna Clostridium difficile da ke haddasa gudawa mai tsanani, musamman ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe kwance a asibiti. Hanji kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo, wasu ƙwayoyin kuma su daɗe ba su dawo ba.

Illar shan magani barkatai

Antibayotik ba ya maganin mura, domin bairas ne ke kawo ta, ba bakteriya ba. Haka ma yawancin gudawar yara. Abin da yaro mai gudawa ke buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba shi nono da abinci. Wanda ya sayi kafso biyu a tasha don ciwon ciki ya kashe ƙwayoyi masu amfani a banza. Mugayen da suka tsira kuma sai su haifi masu jure wa magani, ranar da cuta ta zo da gaske maganin ya ƙi ci. A shekarar 2019, ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum kimanin miliyan 1.27 a duniya.

Yadda ake kiyaye hanji

Ba a shan antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. A sha shi a kan lokaci, iya kwanakin da aka faɗa. Kada a ajiye ragowa, kada a ba wani. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba ba sa shan tetarasaikilin, domin yana ɓata haƙoran yara.

Abinci yana taimaka wa hanji ya farfaɗo: wake, gero, dawa, zogale, rama, da nono ko kindirmo mai tsabta. Amma ba a haɗa nono da tetarasaikilin ko antibayotik mai suna sifuro a lokaci guda, domin yana hana jiki tsotse maganin. A ba da tazarar aƙalla awa biyu.

Idan gudawa ta yi yawa, ko aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya taso, ko jiki ya fara bushewa, a koma asibiti nan take, a kuma gaya wa likita sunan maganin da ake sha.